Na'urar Tace Iska a Gidajenmu: A Fara Kashe Hayaƙin Kafin a Sayi Inji

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in yi tsokaci a kan na'urorin tace iska da tallansu ke ƙaruwa a shafukan Facebook da WhatsApp da shagunan kayan lantarki duk lokacin da hunturu ya kawo jiki. Ni malamin koyar da gyaran na'urorin sanyaya ɗaki ne a wata kwalejin fasaha, kuma magidanta kan tare ni da tambayar ko waɗannan injina suna aiki da gaske, musamman waɗanda Allah ya jarrabi 'ya'yansu da ciwon asma. Amsata ita ce masu kyau daga cikinsu suna aiki, amma aikinsu yana da iyaka, kuma masu talla ba sa faɗin iyakar. Abin da ke damuna shi ne mutum ya kashe kuɗin da bai da shi a kan inji, ya saki jiki, alhali abin da ya fi cutar da iyalinsa yana nan cikin gidan, injin kuma ba shi da iko a kansa.

Bari in fara da ƙura, tunda ita ce kowa ke gani. Hazon da ke rufe Kano da Katsina da Maiduguri da Damagaram daga ƙarshen Nuwamba zuwa Maris, har wani lokaci jiragen sama su kasa sauka, mafi yawansa daga Hamadar Sahara yake tasowa, kuma babbar mahaifarsa ita ce kwarin Bodele da ke arewacin Chadi. Wannan kwari a da ƙasan wani makeken tafki ne wanda Tafkin Chadi na yanzu ragowarsa ne kawai. Da ruwan ya ƙafe sai ya bar farar ƙasa mai laushi da ta samu daga ɓawon ƙananan halittun ruwa, iskar arewa maso gabas kuma tana matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta fito da ƙarfi, ta kwashi wannan gari ta yo kudu da shi. Masana suna ɗaukar Bodele a matsayin wurin da ya fi ko'ina samar da ƙura a duniya, har wani kaso nata yana tsallaka Tekun Atalantika ya sauka a dajin Amazon. Babu gwamnatin da za ta iya hana wannan ƙura zuwa, saboda haka abin da ya rage mana shi ne rage yawan wadda ke shiga ƙirjinmu.

Ƙurar da ke kwanciya a kan tebur da madubin mota ba ita ce ta fi haɗari ba, domin gashin hanci da majina suna tare mafi yawan irinta. Wadda likitoci ke tsoro ita ce mai tsananin ƙanƙanta da ake kira PM2.5, wato ƙwayoyin da faɗinsu bai wuce maikiromita biyu da rabi ba, kimanin kashi ɗaya cikin talatin na kaurin silin gashin kai. Irin waɗannan suna wucewa har can cikin huhu, mafi ƙanƙantarsu kuma suna iya ratsawa cikin jini, shi ya sa illarsu ba ta tsaya ga tari da mura ba, ta haɗa da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sake tsaurara ma'auninta, ta ce matsakaicin abin da mutum zai shaƙa a shekara kada ya wuce maikirogiram 5 a kowace mita kubik ta iska, a yini guda kuma kada ya wuce 15, alhali ma'aunin 2005 ya amince da 10 da 25. Ranar da hazo ya yi kauri har ba a hango ƙarshen layi, iskar garuruwanmu tana ninka wannan iyaka sau da yawa, kuma masu asma da jarirai da tsofaffi da masu ciwon zuciya su ne ke fara jin jiki. A wannan yanayi na bushewa da ƙura ne kuma fatar cikin hanci da maƙogwaro ke tsattsagewa, abin da masana ke dangantawa da yadda sanƙarau ke yaɗuwa a yankinmu lokacin rani.

A nan ne na'urar tace iska take da amfani na haƙiƙa. Ainihinta abu biyu ne kawai: fanka da ke jan iskar ɗaki, da mataci da iskar ke ratsawa. Matacin da aka amince da shi shi ne wanda ake rubuta wa HEPA, wanda aka ƙirƙiro a Amurka a shekarun 1940 domin tare burbushin sinadarai masu haɗari a wuraren binciken nukiliya, kafin daga baya asibitoci da gidaje su karɓe shi. Ma'auninsa shi ne ya tare aƙalla kashi 99.97 cikin ɗari na ƙwayoyin da girmansu ya kai maikiromita 0.3. Ba kamar rariya yake aiki ba, wadda duk abin da ya fi hudarta ƙanƙanta ke wucewa. Tarin zaruruwa ne masu sarƙaƙiya da aka ninninka, manyan ƙwayoyi su yi karo da zaren su maƙale, ƙananan kuma saboda yawan kai-kawon da suke yi cikin iska su ma su ƙare a jikinsa. An zaɓi 0.3 ne saboda a wajen wannan girma ne tarewa ta fi wuya. Inji mai irin wannan mataci, idan ya dace da girman ɗaki kuma an rufe ƙofa da taga, yana rage ƙura da burbushin hayaƙi da garin furanni sosai, kuma yaro mai asma da ke kwana a ɗakin zai iya samun sauƙin dare, ko da yake hakan ba ya maye gurbin maganin da likita ya rubuta masa.

Sai dai kuma, Malam Edita, a yawancin gidajenmu babbar gubar a cikin gida ake haɗa ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a shekarar 2020, cikinsu har da yara 'yan ƙasa da shekara biyar sama da 237,000, kuma babban dalilin shi ne girki da itace da gawayi da kara da kashin dabbobi da kananzir, wanda sama da mutum biliyan biyu ke dogaro da shi. Hukumar ta ce a ɗakin da iska ba ta ratsawa, hayaƙin girki kan kai ninki ɗari na abin da aka amince da shi, kuma kusan rabin yaran da ciwon huhu ke kashewa kafin su cika shekara biyar wannan hayaƙi ne sanadi. Duk wanda ya san gidan Bahaushe ya san wa ke shaƙar wannan hayaƙi: uwar da ke durƙushe tana hura murhu, da jaririn da ke goye a bayanta, da 'yan matan da ke taya ta tuƙin tuwo. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, farashin komai ya tashi, gas ɗin girki ya fi ƙarfin gidaje da yawa da suka saba da shi, suka koma wa gawayi da itace, kuma wannan koma-baya ne ga lafiyar mata wanda ban ga ana tattauna shi yadda ya kamata ba.

Babu na'urar tace iska da za ta iya gasa da murhun da ke ci a rufaffen wuri, domin hayaƙin da yake fitarwa cikin minti kaɗan ya fi abin da injin zai tace cikin awa, matacin kuma zai toshe da baƙin kunkunniya cikin 'yan kwanaki. Maganin hayaƙin girki yana wajen murhun. A yi girki a tsakar gida ko a rumfa mai buɗaɗɗen gefe, idan kuma madafa ce mai bango huɗu, a huda mata taga biyu masu fuskantar juna da wata kafa can sama kusa da rufi. A yi amfani da busasshen itace, domin ɗanye ya fi hayaƙi, a kuma sauke yaro daga baya a ba wani ya riƙe shi nesa da wuta har a gama. Wani bincike da aka yi a ƙauyukan ƙasar Gwatemala, aka wallafa a 2011, ya gano cewa gidajen da aka gina wa murhu mai bututun fitar da hayaƙi sun samu raguwar ciwon huhu mai tsanani a tsakanin ƙananan yara da kusan kashi ɗaya cikin uku. Bututun kwano ne da laka, abin da maginanmu da maƙeranmu za su iya yi da kuɗin da bai kai na injin tace iska ɗaya ba.

Abin da na fi so masu karatu su riƙe daga wannan wasiƙa shi ne batun iskar kabon monoksaid. Wannan iska ba ta da launi, ba ta da wari, kuma tana fitowa daga janareta da gawayin da ke ci da duk wata wutar da ba ta samun isasshiyar iska. Tana kama jini fiye da yadda iskar numfashi ke kama shi sau fiye da ɗari biyu, sai mutum ya fara jin ciwon kai da jiri da kasala, idan kuma barci yake yi ba lallai ya farka ba. Matacin HEPA ba ya tare ta ko kaɗan, domin shi ƙwayoyi yake kamawa, ita kuwa iska ce tsantsa, kuma matacin gawayin da ake haɗa wa wasu injina domin rage wari shi ma ba kariya ba ne daga gare ta. Sau da yawa jaridu sun kawo labarin iyalin da aka wayi gari an tarar da gawarwakinsu bayan sun shigar da janareta cikin falo ko baranda saboda tsoron ɓarayi ko ruwan sama. Hukumomin lafiya na Amurka suna ba da shawarar a ajiye janareta a waje, nesa da ƙofa da taga da aƙalla mita shida, bakin hayaƙinsa yana kallon wani gefe. Haka nan kaskon gawayin da ake shiga da shi ɗaki domin jin ɗumi a tsakiyar hunturu, da wutar da ake hura wa mai jego a ɗakin da aka toshe ko'ina, duk hanya ɗaya suke bi, kuma jaririn kwana bakwai ya fi kowa rauni a gabanta. Iyayenmu mata suna yin haka ne da kyakkyawar niyya, kuma ina ganin ungozomomi da ma'aikatan asibitocin sha-ka-tafi su ne suka fi cancanta su yi musu bayani cikin ladabi cewa a fitar da garwashin kafin a kwanta, a bar taga a ɗan buɗe. Wanda ke da hali ya sayi ƙaramar na'urar da ke yin ƙara idan ta ji wannan iska, wadda ke aiki da batir kuma ta fi injin tace iska araha nesa ba kusa ba.

Akwai kuma hayaƙin da muke kunnawa da hannunmu a ɗakin kwana. Wani bincike da aka wallafa a 2003 ya gano cewa ƙona maganin sauro na nannaɗe guda ɗaya, wanda muke kira igiyar leƙo, yana fitar da ƙananan ƙwayoyin hayaƙi daidai da na karan sigari 75 zuwa 137. Gidan sauro mai magani yana kare yaro daga zazzaɓin cizon sauro ba tare da ya kwana yana shaƙar komai ba. Fiya-fiya da ake fesawa a rufe ɗaki guba ce da aka yi domin gona, kuma matacin ƙura ba ya kama tururinta. Game da turaren wuta, ba na cikin masu cewa a daina, domin ado ne na ɗakin mace kuma al'ada ce mai daraja daga Borno har Sakkwato, amma hayaƙi ne a kan garwashi, huhu kuma bai san ƙamshi ba. A turara ɗakin yara ba sa ciki, a fitar da kaskon, a buɗe taga na ɗan lokaci kafin a shigo da jariri ko mai asma. Mai shan sigari kuwa ya fita waje.

Ga wanda ya kawar da waɗannan duka kuma yana da halin sayen inji, abin dubawa na farko shi ne adadin tsabtatacciyar iskar da yake fitarwa a awa, wanda ake rubutawa CADR a jikin kwali. Lissafin ba shi da wuya. Ɗakin da ke da tsawon mita huɗu da faɗin mita huɗu da tsayin mita uku yana ɗauke da iska mita kubik 48, kuma idan ana so a tace ta sau biyar a awa, ana bukatar injin da ke ba da mita kubik 240 a awa. Ƙananan injinan da ake ɗorawa a kan tebur, masu fitilu kala-kala, yawancinsu ba su kusanci wannan ba, kuma duk injin da kamfaninsa ya ƙi rubuta wannan adadi ni ba na amincewa da shi. A sa shi a ɗakin kwana, inda mutum ke shafe kusan sulusin yininsa, a ba shi tazara daga bango da labule. Kafin a biya kuɗi a tambayi mai shago ko yana sayar da matacin canji da nawa yake, domin wata shida zuwa shekara da kamfanoni ke rubutawa lissafin ƙasashen da ba su san hunturu ba ne, a nan yana cika da wuri, kuma mafi yawan matatan HEPA ba a wanke su, ruwa yana lalata zarensu. Na ga injina masu tsada da aka jingine a lungu saboda an nemi matacinsu a kasuwa an rasa.

A guji injinan da ake tallata cewa suna kashe ƙwayoyin cuta da wari ta hanyar fitar da iskar ozon. Wannan iska tana ƙona hanyoyin numfashi kuma tana tayar da asma, Hukumar Kare Muhalli ta Amurka ta daɗe tana gargaɗi a kan amfani da ita a ɗakin da mutane ke ciki, jihar Kalifoniya ma ta kafa doka da ke iyakance yawan ozon da injin tace iska zai fitar kafin a yarda a sayar da shi. Abin da aka hana a can yakan nemi kasuwa a inda ba a bincike.

A fannina na san mutane da yawa suna zaton iyakwandishan yana tsabtace iska. Irin wanda ake maƙalawa a bango iskar ɗakin yake juyawa, ba ya shigo da sabuwa, ragar da ke cikinsa kuma an yi ta ne domin kare injin daga manyan ƙura. A riƙa cire ta ana wankewa duk bayan mako biyu lokacin hazo. Na'urar sanyaya ɗaki mai amfani da ruwa, wadda ta yaɗu saboda ba ta cin wuta sosai, tana rage bushewar iska, amma idan ruwan ya kwana biyu a ciki ba a wanke tankin ba, funfuna da ƙwayoyin cuta take hurowa. Ta fuskar wuta kuwa, injin tace iska bai fi fanka ci ba: mai wat 40 da ya yi awa takwas bai cinye sulusin yunit ɗaya ba, saboda haka ƙaramar sola da batir za su iya riƙe shi dare guda. Tayar da janareta a bakin taga domin a kunna shi kuwa ɓarna ce da ta fi gyaran yawa.

Akwai wata dabara da nake fata kwalejojin fasaharmu za su ɗauka. A shekarar 2020, lokacin annobar korona, wani masanin injiniyan muhalli a Amurka, Richard Corsi, ya kawo shawarar a haɗa matatan iska na gine-gine masu lamba MERV 13 (ma'aunin ƙarfin tacewar mataci) da fanka mai siffar akwati, wani mai kamfanin matatai, Jim Rosenthal, ya ƙera shi. Matatai huɗu ake jerawa su zama bango, a rufe ƙasa da kwali, a ɗora fankar a sama, a liƙe haɗin da salatif. Gwaje-gwajen da jami'o'i suka yi sun nuna cewa wannan akwati yana fitar da tsabtatacciyar iska fiye da injina da dama da suka ninka shi tsada, domin ko da yake matacinsa bai kai HEPA kamawa ba, iskar da ke ratsa shi ta fi yawa. Matasan da ke naɗa kwayil ɗin fanka da masu walda a kasuwanninmu ba za su gaza haɗa irin wannan ba. Abin da ya rage shi ne matacin kansa, wanda sai 'yan kasuwa sun shigo da shi da yawa kafin ya yi sauƙi, domin soso ko yadi da aka ɗaura a bayan fanka ba sa kama ƙananan ƙwayoyi, kuma suna iya sa injin fankar ya yi zafi. Idan gwamnatocin jihohi suka saka irin waɗannan akwatuna a ɗakunan yara na asibitoci a watannin hazo, kuɗin kaɗan ne idan aka kwatanta da amfanin.

Mafi yawan masu karatu ba za su sayi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, kuma ba su rasa abin yi ba. Yayyafa ruwa kafin shara, wanda iyayenmu suka koya mana, yana hana ƙurar da ta kwanta sake tashi, haka ma goge kaya da tsumma mai laima maimakon kaɗe su. A fitar da darduma da katifa waje a kakkaɓe, a toshe ƙasan ƙofa da gefen taga da tsumma a ranakun da hazo ya yi kauri, a rataya labule mai kauri ana wanke shi. Amma toshe ɗaki yana da sharaɗi guda, wato kada a kunna komai mai hayaƙi a cikinsa, kuma a buɗe shi ya sha iska idan gari ya washe, musamman inda mutane da yawa ke kwana tare.

Ina kira ga Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa da ta tilasta wa masu shigo da waɗannan injina rubuta adadin iskar da suke tacewa da yawan ozon da suke fitarwa, ta kuma riƙa gwada waɗanda ke ɗauke da sunan HEPA domin a san na gaskiya. Hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, NiMet, tana fitar da gargaɗin hazo kwanaki kafin ya iso, amma yawanci da Turanci, kuma direbobin jirgin sama ne suka fi amfana da shi. Ina roƙon wannan jarida da ta riƙa fassara shi tana bugawa daga Nuwamba zuwa Maris, gidajen rediyo su ma su karanta shi bayan labaran safe, domin uwar yaro mai asma ta san ranar da za ta rufe taga, ta sa masa takunkumi, ta tabbatar maganin shaƙarsa yana cikin jakarsa kafin ya tafi makaranta.

Wassalam.

Naka mai karatu,
Malamin fasaha, daga Kano